Kaset ɗin Gajimare

Al Sabkha, Dubai
9 ga Afrilu, 2003

Zuwa ga ƴata Nafissa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe mini da mahaifiyarki, Yaya Asama'u, ki tambaye ta ƙafar nan tata, ko man da na aiko ya yi wani abin kirki. Ni lafiyata ƙalau, ban da bayana da ke tuna mini shekaruna duk sanda na sunkuya kan kwali. Aikin kago, wato aika kayan ƴan kasuwa gida, yana nan yadda kika san shi. Mu auna, mu ɗaure, mu rubuta suna, ƴan kasuwa su yi ta rantsuwa cewa sikelinmu ne maƙaryaci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne. Maharazu, abokin zamana a ɗakinmu na Al Ras, ya yanke jiki ya faɗi a shagon kayan yajin da yake aiki. Ke a baki kawai kika san shi, amma mahaifiyarki ta san shi sarai. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Idonsa biyu, yana ci in an ba shi, amma tun ranar bai ce uffan ba. Likitar da ke dubansa, wata Ba'indiya mai kirki, ta ce watannin farko su ne abin dubawa, in baki bai buɗe a cikinsu ba, daga baya sai an sha wuya. Ta ce mu kawo masa duk abin da ya saba da shi tun dā.

Na lura yatsun hannunsa na hagu ba sa zama wuri ɗaya, kullum suna tafiya kan bargo. Ma'aikatan asibiti sun ɗauka rawar jiki ce. Ni na san ba ita ba ce, tsirkiyar gita yake dannawa.

Kada ki yi dariya, kawunki mai furfurar nan ya taɓa ajiye suma. Muna makarantar sakandare ta lise a Yamai, ina zaune gidan Yaya, muka kafa ƙungiyar kiɗa mu huɗu, muka sa mata suna Gajimare. Ni ina kan ogan, irin piyanon nan mai lantarki, Maharazu yana kan gita mai lantarki. Malamin kiɗanmu ya koya mini kiɗan Turawa na dauri, irin wanda ake rubutawa a takarda, mai hawa da sauka cikin natsuwa kamar mai taka matakala. Shi kuma Maharazu ya samo wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, gitar ta riƙa kuka kamar daga cikin rijiya. Muka haɗa biyun, muka zuba kalangu a tsakiya. Ba waƙa, ba baiti ko ɗaya, kuma kiɗa guda sai ya cinye fiye da rabin awa yana sauya tafiya. Ba mai iya rawa da shi. An sha korarmu daga wuraren biki, mu kuwa muna ganin duniya ce ba ta waye ba.

Sau ɗaya tak aka ɗauki kiɗanmu. Wani Bafaranshe mai na'ura ya ɗauka a falonsa, ya juye mana a kaset, ya koma ƙasarsu da babban faifan, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Sauran biyun namu sun riga mu gidan gaskiya. Kaset ɗin nan shi kaɗai ya rage a duniya, kuma yana ƙasan adakata a ɗakin zaure, cikin wata tsohuwar safa. Na rubuta Gajimare a jikinsa da jan biro.

Hajiya Rabi da ta kawo miki wannan takarda za ta sake zuwa sari kwanan nan. Ki ba ta shi hannu da hannu, ta sa a jakar da take ratayawa. Kada ya shiga kago, ni na san abin da zafi ke yi wa kaya. Kada kowa ya kunna shi, ya tsufa, ina tsoron saura juyi ɗaya a jikinsa. Na karya kunnuwansa tun dā don kada a ɗauki wani abu a kai, duk da haka ki ɓoye wa yara shi.

Ina cikin damuwa, Nafissa. Ki hanzarta don Allah.

Kawunki,
Boubacar

*

Damagaram
2 ga Mayu, 2003

Zuwa ga Kawu Boubacar,

Gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta same mu lafiya, sai dai labarin da ke cikinta ya tayar mana da hankali. Allah Ya ba Baba Maharazu lafiya, Ya sa kaffara ne. Yara suna gaishe ka. Ƙafar Inna da sauƙi, ta ce man yana da kyau amma warinsa na korar jikokinta.

Kaset na gan shi, cikin safar kamar yadda ka ce. Na kuma ga wani hoto a gefensa, samari huɗu da wanduna masu baki kamar siket. Kawu, da ba don kunnuwanka ba, da ban gane ka ba. Na yi dariya har sai da na tuna dalilin buɗe adakar, sai kunya ta kama ni.

Na karanta wa Inna takardar daga farko har ƙarshe. Da na zo kan sunan Baba Maharazu ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce shi ne siririn nan da ke cinye mata ƙanzo, wanda bai taɓa shiga gidanta bai durƙusa ya gaishe ta ba. Da na zo kan kiɗan kuwa, sai ta ce shekara biyu kuka hana ta barcin rana da kiɗan aljanu, har maƙwabta suka kai ƙarar mijinta wurin mai unguwa. Ta kuma ce in gaya maka ka cika shafi biyu kan kaset, ita kuwa da ta goya ka layi ɗaya ka ba ƙafarta.

Daga nan ta karɓe kaset ɗin daga hannuna. Ta ce ba ta yarda da ni da yarana ba, ta ɗaure shi a ƙyalle ta tura ƙarƙashin matashinta. Da Hajiya Rabi ta aiko cewa za ta kama hanyar Kano, na je na roƙe ta, ta ce kaset ba zai bar gidan nan ba sai ta shirya. Ka san Inna in ta kafe. Shi ya sa takardar nan ta zo maka ita kaɗai.

Ka yi haƙuri, Kawu. Ina nan ina lallaɓa ta.

Ƴarka,
Nafissa

*

Al Sabkha
11 ga Mayu, 2003

Nafissa,

Ina gaishe ku duka, da fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan, abinci ma ba ya shiga sosai.

Na bar aiki da rana tsaka na tafi masaukin Hajiya Rabi a Al Muraqqabat, har na sayi sabbin batura a hanya. Ta miƙo mini ambulan, na tsaya ina jiran ta sake sa hannu a jaka. Ta ce, "Alhaji, khalas, shi ke nan abin da aka ba ni."

Na karanta layin nan naki har na haddace shi. Sai ta shirya. Wane shiri? Na gane sarai, fushi take da ni, kuma da kaset take son ramawa. Tun dā ba ta ƙaunar kiɗan nan, ta taɓa zuba mana ruwan wanke-wanke ta kan katanga. To ki gaya mata na ji, na tuba, in shafi goma take so kan ƙafarta zan rubuta. Amma ba da ran mutum ake irin wannan ja-in-jar ba.

Jikin Maharazu yana nan jiya i yau. Kullum bayan la'asar ina wurinsa. In shiga in ce, "Sannu Maharazu, ya jiki, da sauƙi ko, to alhamdulillah," in zauna in kwashe labarin kasuwa kaf in zuba masa, wa ya zo, wa ya tafi, kwantenar wa ta maƙale. Shi sai kallo. Mai shagon da ya yi masa biza ya zo sau ɗaya, mutumin kirki ne, amma ya ce da zarar asibiti sun sallame shi sai gida. Gida kuwa ƙauye ne a bayan Tawa, inda ba likitan magana, ba kowa nasa sai ƙanwa mai fama da kanta. In ya tafi a haka, a haka zai ƙare.

Na gwada wata dabara. Akwai ɗan Kano mai sayar da kayan lantarki kusa da tashar bas, na aro ƙaramin piyano na yara a wurinsa na kai asibiti. Na buga masa farkon kiɗan, wurin da ogan ke tafiya shi kaɗai. Nafissa, ya juyo da kai. Yatsunsa suka tsaya cak, suna jiran wurin da gita ke shigowa. Ni kuwa yatsuna sun saba da igiyar ɗaure kwali, na kai tsakiya na ɓata. Na sake, na sake ɓata a wuri guda. Ya ɗaure fuska irin yadda yake yi mini muna samari, sa'an nan ya mayar da kansa bango. Na fito ina share hawaye a gaban masu shara.

Kin ga ke nan abin yana nan a kansa. In ya ji gitarsa da kunnensa, na rantse wani abu zai motsa. Likita ma da na gaya mata ta ce in yi maza.

In Yaya ta ƙi, ki ɗauke shi tana salla. Zunubin a kaina.

Boubacar

*

Al Sabkha
6 ga Yuni, 2003

Nafissa,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ku shiru.

Mutanen Damagaram biyu sun sauka a makon nan, ba wanda ya zo da ko gaisuwa. Na buga shagon wayar haya na unguwarku har mai sayar da kati ya fara tausayina, in ta shiga sai a ce an aika yaro, kafin ya dawo kati ya ƙare. Ko maganar ɗauka tana salla ce ta ɓata miki rai? Ko kin karanta mata har wannan layin? In haka ne na kashe kaina da kaina.

Wani tunanin kuma ya fi wannan muni, ko wani abu ya sami Yaya kuna ɓoye mini. Kada ki yi mini haka.

An ce ƙarshen watan nan za a sallami Maharazu. Yatsun nan ma sun rage motsi. Ko kaset bai samu ba, ki rubuto layi biyu in san inda na tsaya.

Kawunki

*

Damagaram
14 ga Yuni, 2003

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, Inna ma yanzu garau take. Takardunka biyu duk sun iso, kuma na ji kunyar ta biyun ƙwarai.

Kawu, ka yi wa maganar Inna mummunar fahimta, ko kuma ni ce ban rubuta da kyau ba. Ba fushi take ba. Shirin da take nufi shi ne saƙo. Ta ce ba a gaida mara lafiya hannu rabbana, sai ta daka yaji, ta sa a yi kilishi, ta kuma ɗauki gaisuwarta a kaset kamar yadda take yi maka duk shekara, tunda ita ba ta rubutu. Ana cikin haka mura ta kwantar da ita, muryarta ta dushe, ta ce ba za ta gaida mutum da muryar kwaɗo ba. Ni kuma daga makarantarmu aka tura ni Magariya tsaron jarrabawa, shi ya sa ka ji shiru. Layin ɗauka tana salla ban karanta mata ba, ban haukace ba tukuna.

Da na dawo na tarar ta gama komai. Yara sun ce ta aro rediyon maƙwabta mai ɗaukar magana, ta kore su, ta rufe ɗaki wuni guda. Ta ba ni ƙulli a ɗinke da zare, ta ce kayanka da gaisuwarta duk suna ciki. Ban kwance ba, tunda ka ce kada kowa ya taɓa, amma na latsa na ji ƙarar kaset.

Alhaji Sabo, surukin Hajiya Rabi, zai tashi daga Kano jibi. Na sa ya yi mini alkawari a aljihun rigarsa zai sa. Allah Ya sa a dace, Kawu. Ka rubuto da zarar Baba Maharazu ya ji.

Ƴarka,
Nafissa

*

Al Sabkha
22 ga Yuni, 2003

Zuwa ga ƴata Nafissa,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Saƙo ya iso, na gode da wahalarki. Na fara wannan takarda sau biyu ina yagawa, domin abin da na rubuta da farko bai dace ƴa ta karanta game da uwarta ba.

Da na kwance ƙullin na ga yaji, na ga kilishi, na ga kaset ɗaya. Na zazzage ƙyallen ina neman na gaisuwar Yaya, babu. Na ce ƙila ta manta, raina yana kan nawa. Ga jan birona a jiki. Ban duba samansa ba, da na duba da na ga an cusa takarda a ramukan kunnuwan da na karya, dabarar da kowace tsohuwa a Damagaram ta sani. Ban kuma gwada shi a ɗaki ba, don ina tsoron ya tsinke kafin ya kai ga mai shi.

Bayan la'asar na shiga asibiti, na ajiye rediyo kan gado, na danna. Ogan ya fara, ni ne ina ɗan shekara goma sha tara. Tsigar jikina ta tashi. Maharazu ya juyo, ya ɗaga hannun hagu daga kan bargo, yatsu a tanƙware, yana jira. Ni ma ina ƙirgawa a zuci. Daidai inda gitarsa za ta shigo sai na ji ƙwas, sai carar zakara, sai tari, sai muryar Yaya tana sallama.

Ga abin da ta ce, don ki ji irin hankalin uwarki. "Boubacar, na saurari abin naku. Ba mai magana a ciki, ba mai waƙa, kaset dai kusan wofi ne. Farkon da ɗan daɗi, na bar muku shi. Sauran hayaniya ce, mara lafiya kuwa ba hayaniya yake so ba. Tunda can za shi, na ce ba sai an ɓata sabon kaset ba."

Na juya ɗaya gefen da sauri. Ita ce dai, tana lissafa waɗanda suka haihu. Gaba da baya ta cika shi taf. Nawa ta bari, nasa ta goge, ba ta bar masa ko taɓa tsirkiya ɗaya ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba tun rasuwar mahaifinmu. Na mayar da gefen farko don kawai ban san abin da zan yi da hannuna ba, na koma kujera na haɗa kai da gwiwa.

Sai na ji ta bar ni ta koma kansa. Kin san yadda take ɗaukar gaisuwa, kamar mutumin yana zaune gabanta. Ta ce, "Maharazu, sannu." Ta yi shiru, ba abin da ke tashi sai shuu ɗin kaset. Ta ce, "Maharazu, Asama'u ce. Ina wuni?" Ta sake yin shiru, dogo, har na ɗauka batur ne ya mutu. Ta ce, "Ya jikin?" Ta jira.

A cikin wannan shirun na ji an ce, "Da sauƙi."

Na ɗago ina neman wanda ya shigo. Ba kowa. Bakinsa a karkace, yawu na zuba, idonsa kan rediyo. Ta ce, "Ya baƙunta?" ta jira, ya yi ta kokawa da harshe, ya ce, "Alhamdu." Sauran bai fito ba, amma ta ba shi lokacin da zai gwada. Na ruga na kira likita, na mayar da kaset baya, ya sake amsawa a gabanta.

Likita ta ce kada in yi saurin murna. Ta ce amsar gaisuwa takan fito ko da sauran magana ta ɓace, don baki ya saba da ita. Amma ta ce ƙofa ce, da ita za su fara aiki, kuma ta rubuta a ƙara masa wata guda kafin a yi zancen sallama. Mai shago ya yarda. Bayan watan ban san abin da zai faru ba, kuma tunanin yana hana ni sakat. Ta tambaye ni ko ni ba na gaishe shi ne. Na ce kullum. Ta ce to ina jiran amsa? Wata uku ina tambayarsa ina ba kaina amsa.

Kada ki ɗauka na huce. Gajimare ta tafi, Nafissa. Ba wanda zai sake jin abin da Maharazu ya yi da gitar nan, kuma wallahi ya yi abin da ban ji wani ya yi ba. In na ba da labari yanzu, sai a ce tsoho ne ke yabon ƙuruciyarsa. Jiya da farkon ya ƙare ya sake ɗaga hannu yana jira, da muryar Yaya ta shigo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya sauke hannun. Ya gane. Ban san ko ranar da bakinsa zai buɗe sosai godiya zai yi mata ko kuka ba.

Kada ki gaya mata girman abin da ta goge. Ta tsufa, kuma ba zai dawo ba. Ki ce saƙo ya iso, kilishi ya yi daɗi, Maharazu ya amsa gaisuwarta.

Na ba Alhaji Sabo sabbin kaset guda biyar a ledarsu. Ki kai mata, ki ce ta cika su, ta aiko da duk wanda ya fara tasowa, kada ta tsaya daka yaji. Ta tambaye shi gida, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi ƙanzonta da ya cinye, duk abin da ta ga dama. Ki zauna a ƙofar ɗakin ki hana yara shiga. In kin ji ta yi shiru kada ki leƙa ki ce ta ci gaba, shi take jira.

Kawunki,
Boubacar